Kafa nawa ce a jikin raga? Musun raha da ke ƙarewa a bakin Tafkin Chadi

Tun kafin mutum ya hango rumfunan Kasuwar Kifi ta Baga Road a Maiduguri, ƙamshin banda ne ke fara tarbarsa. Kwalaye na jibge, 'yan dako na kai da kawo, ana haɗa lodin da zai nufi Onitsha da Legas da Abuja. A cikin hajar akwai tarwaɗar da aka lanƙwasa, aka haɗa wutsiya da kai, aka kyafe ta har ta zama tamkar awarwaro. Duk wanda ya ɗaga guda ya leƙa ta tsakiyarta, ya riƙe misali mafi sauƙi na wata tambaya da ta daɗe tana raba kan masu son musu: kafa nawa ce a jikin abu?

Abin da aka fi tafka gardama a kansa shi ne bututun shan lemo. Wasu kan ce kafa biyu ce, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Wasu su ce ɗaya ce tal, tsawo kawai ta yi. A Turanci musun ya fi zafi, domin kalma guda ce ke ɗauke da nauyin duka. Hausa kuwa ta riga ta raba gari. Rami yana da gindi, wanda ya faɗa zai tsaya. Kogo ciki ne da abu ya rufe. Baki mashiga ce. Kafa ita ce wadda ake shiga ta nan a ɓulla ta can, kamar kafar allura. Da zarar an tsayar da wadda ake nufi, rabin faɗan ya mutu.

A jefa tambayar a inuwar kowace rumfa, za a ga yadda take kama mutane. Hular zanna da ke kan dillali rami ce, ba ta da kafa ko ɗaya. Haka ma ƙwaryar awo. Kofin mai shayi yana da guda, kuma a mariƙinsa take, domin inda ake zuba shayin rami ne. Bututu baki biyu, kafa ɗaya: a yi ta gajarta shi har ya koma zobe, ba wanda zai ce zobe na da biyu. Wando yana da baki uku, amma idan aka buɗe ƙugunsa aka shimfiɗa shi kamar faifai, biyu ne za su rage. Wato ƙafa biyu, kafa biyu, sai dai in tela ya miƙe ya tuna wa jama'a inda ake zura zariya. Riga mai hannu baki huɗu gare ta, kafa uku.

Wannan wasa yana da reshe guda a ilimin lissafi, mai suna tofoloji, wanda ke nazarin abin da ba ya canjawa a jikin siffa ko an ja ta, an matse ta, an lanƙwasa ta, muddin ba a yaga ba, ba a liƙa ba. Ana danganta tushensa da aikin Leonhard Euler na 1736 kan gadoji 7 na birnin Königsberg, wanda yau ake kira Kaliningrad a Rasha. Johann Listing na Jamus ya fito da sunan a bugu a 1847, sannan Henri Poincaré na Faransa ya kafa masa ginshiƙi a 1895. A idon masu wannan ilimi, zobe da bututu da kofi mai mariƙi duk abu ɗaya ne.

Inda lissafin ya fi ba da mamaki shi ne a kan raga, wadda ba don ita ba da babu kasuwar. Ana samun yawan idanun raga ta hanyar ƙirga zaren da ke tsakanin ƙulli da ƙulli, a debe yawan ƙullin, a ƙara ɗaya. Ƙaramar raga mai ƙulli 9 da zare 12 tana da ido 4. A tsinke zare guda a tsakiya, saura 11, idanun sun koma 3, domin biyu sun haɗe sun zama ɗaya. Ashe ragar da ta yage kafofinta raguwa suke yi, kuma mai ɗinke ta ƙara mata kafofi yake. Masunci zai yi dariya ya amince da lissafin, sannan ya ce kifinsa dai ta nan ya tsere.

A nan ne raha ke ƙarewa. Tofoloji ba ruwansa da girman kafa, alhali a tafki girman shi ne kome. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato kusan inci 3, in ban da wasu ragogi na musamman da ake kama wasu nau'o'in ƙananan kifaye da su. Dalilin a fili yake: ƙaramin ido yana kwashe 'ya'yan karfasa da tarwaɗa da bargi tun ba su kai ga yin ƙwai ba. A sassa da dama na Afirka har gidan sauro an mayar abin kamun kifi, wanda ba ya barin kome ya wuce sai ruwa.

Tafkin da ke ciyar da kasuwar ba shi da ƙarfin jure irin wannan. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, lokacin da aka kafa Hukumar Tafkin Chadi a 1964, kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya zaftare mafi yawansa. Rikicin Boko Haram ya zo ya ɗora nasa. Bayan harin Baga na Janairun 2015, masunta da yawa sun bar bakin ruwa, kuma hanyar da ta taso daga garin ta ratsa Monguno zuwa Maiduguri, mai tsawon kusan kilomita 200, ta sha rufewa. Mutumin da ya koma ruwa da bashi a wuyansa, ƙaramin ido ne ke cika masa kwale-kwale yau, ko da zai bar shi da yunwa baɗi.

Ko awon kansa yana da nasa musun. Masana kifi suna ja idon raga ya miƙe, su auna daga ƙulli zuwa wanda ke fuskantarsa. Masunta kuwa kan auna da yatsu, su ce ido mai yatsa biyu ko uku, kuma yatsan wani ba na wani ba ne. Jami'in da ya zo da ma'auni da mai kalli da ya miƙa hannu suna iya duban raga guda su tashi da amsa biyu, ba tare da ɗayansu ya yi ƙarya ba. Duk wanda ya taɓa rubuta takardar umarni a ma'aikata ya san irin wannan saɓani, inda ake jayayya kan adadi alhali ba a daidaita kan abin da ake ƙirgawa ba.

Masu iya magana na cewa kifi na ganinka mai jar koma. A Baga Road, shaidar tana cikin kwali: girman bandar da aka sauke da safe shi ke faɗin irin idon ragar da ta kwana a tafki.