In aiki ya tsaya, wa ke riƙe gida?

A Adar, mutum guda yana da sana'a biyu ko uku cikin shekara. Da damina manomi ne. In an yi kaka, hatsi ya shiga rumbu, sai ya hau mota a tashar Tawa, ya tafi biɗa Abijan, Legas ko Libiya. Can yana dako, ko talla, ko aikin gini. Wanda ya zauna gida yana noman albasa a fadamun Tamaske da Kaita.

Duk waɗannan ayyuka ba su da takarda. Ranar da aiki ya tsaya, ranar kuɗi ke tsayawa. Mun gani a 2011. Yaƙin Libiya ya koro dubban samarinmu hannu wofi, kuma daminar shekarar ba ta yi kyau ba. In aike ya daina zuwa, tukunya ke fara sani. Daga nan tamowa ta kama yara.

A Faransa, in mai albashi ya rasa aiki, akwai asusun da ke ba shi kuɗi kowane wata na wani lokaci. A Nijar muna da CNSS tun 1965. Tana biyan masu albashi kuɗin ritaya, na ƴaƴa da na haɗarin aiki. Ba ta biyan kuɗin rashin aiki.

Taimakon da ya dace da mu shi ne wanda ya san rani da damina. Adar ta taɓa ganinsa. Daga 1984, a aikin raya ƙasa na Kaita, an biya mutane da abinci don su jera duwatsu, su dasa itatuwa. Yawancinsu mata ne, domin maza sun tafi. A 2011 gwamnati da Bankin Duniya suka soma ba gidajen talakawa jika 10 kowane wata, har wata 24.

Amma irin wannan taimako ba ya kai wa kowa. Saboda haka mu ma mu tashi. Ɗan biɗa ya aiko tun yana samu, a sayi tunkiya ko buhun hatsi. Mu ƙarfafa bankin cimaka na garinmu. Mata su riƙe asusunsu, a rubuta zubin kowa a littafi. Ga amfanin karatunmu nan.

Ƴan uwa, tun ran gini ran zane.