Ƙwallon Ostareliya: makomar matasa tana hannun ƙaramar gasa

Masu karatu, yau za mu yi nisan kiwo. A ƙasar Ostareliya akwai wata irin ƙwallo mai siffar ƙwai da ake bugawa da ƙafa da hannu, mutum 18 a kowane ɓangare. Babbar gasarta ita ce AFL, mai ƙungiyoyi 18, kuma 10 daga cikinsu suna jihar Victoria. Abin da ya ja hankalinmu shi ne gardamar da aka daɗe ana yi can kan inda ya kamata a horar da yaran da ba su kai shiga babbar tawaga ba.

Duk ƙarshen shekara ƙungiyoyi suna zaɓen matasa ƴan shekara 18, kuma wadda ta zo ta ƙarshe ce ke fara zaɓe. Kowace ƙungiya tana riƙe da ƴan wasa sama da 40, amma 23 kaɗai ake sakawa ranar wasa. Sauran sai a tura su ƙaramar gasa. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa riƙe yaron shago ya san bambancin yaron da ya koyi ciniki a kasuwa mai ci da wanda ya wuni yana gyangyaɗi a rumfar da ba mai leƙowa. Haka zancen yake a nan.

Da can AFL tana da gasar tawagogi na biyu tata ta kanta, amma aka rufe ta bayan kakar 1999. Daga 2000 ƙungiyoyin Victoria suka koma tura yaransu gasar jiha mai suna VFL. Geelong ta shigar da tata tawagar, wasu kuma suka ƙulla ƙawance da tsofaffin ƙungiyoyin unguwanni, kamar Hawthorn da Box Hill. To, a nan gizo ke saƙar. Kocin unguwa kofi yake nema, don haka ya fi son gogaggen ɗan wasa, ita kuwa babbar ƙungiya so take a bar yaronta a gurbin da take shirya masa, ko da zai yi ta kuskure. Saboda haka ne ƙungiyoyi da dama suka raba gari da abokan ƙawancen, kamar Collingwood da ta kafa tata tawagar a 2008.

A arewa matsalar daban ce. Daga 2011 zuwa 2019 yaran Sydney, GWS, Brisbane da Gold Coast sun yi wasa a gasar NEAFL, inda sau da yawa suke lallasa ƙungiyoyin mutanen da ke zuwa atisaye bayan sun tashi daga aiki. Mai tsaron baya da ƙwallo ba ta zuwa wajensa, me zai koya? A 2021 aka haɗe su da VFL, kuma a 2023 Gold Coast ta ɗauki kofin.

Sai dai kada mu ɗora wa gasa laifin komai. Aliir Aliir, ɗan asalin Sudan ta Kudu da aka haifa a sansanin ƴan gudun hijira na Kakuma a Kenya, a wannan NEAFL ɗin ya goge bayan Sydney ta ɗauke shi a 2013. Sai 2016 ya fara babban wasa, kuma a 2021 aka saka shi cikin gwanayen ƙasar baki ɗaya. Majak Daw, haifaffen Khartoum, shi ma ya yi shekara uku yana jira kafin North Melbourne ta fito da shi a 2013.

Waɗanda suka fi kuka su ne na kudu da yamma, domin yaransu suna cikin gasannin jihohinsu, SANFL da WAFL, masu nasu dokoki kan ɗaukar ƴan wasa. West Coast ta kafa tawaga ta biyu a 2019, amma a 2023 raunuka suka yi mata yawa har tawagar ba ta ci wasa ko ɗaya ba. A ganinmu wannan ya fi na arewa muni, don yaron da ake casawa kowane mako tare da ƴan ciko yakan saba da shan kashi. Ita kuwa Fremantle, a gari ɗaya da su, ƙawancenta da Peel Thunder ya kawo kofi a 2016, 2017 da 2024.

Port Adelaide, wadda tawagarta ta biyu ta zo ta ƙarshe a SANFL a 2024, ta kasance cikin waɗanda suka nemi a kafa gasa ɗaya ta ƙasa don tawagogi na biyu. Tsofaffin ƙungiyoyin jihohi ba sa murna da hakan, domin ƴan kallo da kuɗin talla za su iya bin manyan sunaye, ga kuma kuɗin jirgi daga Perth zuwa Brisbane da sai wani ya biya. A 2028 ake sa ran Tasmania ta zama ƙungiya ta 19, ita ma da nata yaran da za a nema wa fili.