Waye mai sunan shafinka na intanet?

A ce ka sa an haɗa maka manhajar da manoman shinkafa na Matsinkai da Bagudo za su riƙa duba farashi a cikinta. To ina take zaune? A kan kwamfutar wani kamfani da ke aiki dare da rana, wataƙila a Legas, wataƙila a Cape Town, inda Amazon ya buɗe cibiyarsa a 2020. Abin da ake kira "girgije" ke nan: kwamfutar wasu da kake haya.

Kwamfutar tana da adireshi na lambobi, wato IP, mai wuyar haddacewa. Sai ka yi rajistar suna, ka haɗa shi da lambar a tsarin DNS. Daga nan duk wanda ya rubuta sunan zai iso, ko da yana Segbana ne a Jamhuriyar Benin. Sunaye masu ƙarewa da .ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, na Benin kuwa .bj ne. Wutsiyar sunan dai ba ta nuna ƙasar da kwamfutar take.

Ga inda ake tafka asara. In ka bar kamfanin da ke riƙe da manhajar, lamba kawai za ka sauya a DNS, sunanka na nan. Amma shi sunan hayar shekara-shekara ne. In ba a sabunta ba, bayan ɗan wa'adi wani na iya ɗaukar sa, masu neman ka su riƙa faɗawa shafinsa. Kuma wanda aka yi rajista da bayanansa shi ke da iko da sunan. Don haka ranar rajista ka zauna kusa da mai haɗa maka, ka tabbatar imel ɗinka da lambar wayarka aka saka.