Giya a Wurin Aiki a Jamus da Komawar 'Yan Mazan Jiya Tsofaffin Barikokinsu

Giya ta daɗe da samun gindin zama a wuraren aikin Jamusawa. A jihar Bavariya da ke kudancin ƙasar, talaka yakan lissafa ta cikin abinci, har ana yi mata laƙabi da "burodin ruwa". Tun a 1516 basaraken Bavariya, Wilhelm na Huɗu, ya kafa doka a garin Ingolstadt cewa kada a zuba mata komai sai ruwa da sha'ir da wani tsiro mai ɗaci da ake kira hop. Dokar ta ƙayyade farashi, ta kuma bar alkama ga masu gasa burodi. Ke nan tun fil azal hukuma ta ɗauki giya a matsayin kayan masarufi da ake sa wa ido, kamar hatsi a kasuwa.

Ta wannan ƙofa ta shiga ranar aiki. Mutanen Bavariya suna da ɗan hutun hantsi da suke kira Brotzeit, wato lokacin burodi. A wajajen 1960 zuwa 1980, wanda ya leƙa wurin gini da ƙarfe tara na safe zai tarar da magina zaune a kan bulo da katako, kowa da burodinsa da tsiren alade ko cuku, ga kwalba mai cin rabin lita a gefen ƙafa. Ba a neman mabuɗi, da bakin ma'aunin katako na kafinta ko da gindin abin kunna taba ake fincike marfin. Ɗauko akwatin giya daga kanti aikin yaron shago ne, kamar yadda ake aiken ɗan koyo sayen abinci a kowane gareji. A manyan masana'antu da dama kuwa, ana sayar da ita a ɗakin cin abinci, wasu ma har da na'urar da ake jefa wa kuɗi ta sako kwalba.

Ma'aikatan kamfanonin giya nasu ya fi na kowa, domin a wurinsu wani ɓangare ne na lada. Ana ba kowa kasonsa kyauta, ana kiransa Haustrunk, dokar haraji ta yafe masa kuɗin fito, sai dai ba a yarda ma'aikaci ya sayar da shi ba. Wannan al'ada tana nan har yau, amma a kamfanoni da yawa mutum yana iya karɓar lemo ko ruwan kwalba a madadinta.

Ban da shan yau da kullum, akwai na sha'ani. Sabon ma'aikaci yakan yi Einstand, ya kawo abin taɓawa da abin sha don gabatar da kansa, mai barin aiki kuma ya yi Ausstand na ban kwana. Idan aka gama ɗora katakon rufin sabon gida, mai gida yakan shirya wa ma'aikata walimar Richtfest: babban kafinta ya hau sama, ya yi jawabin fatan alheri, ya kurɓa, sa'an nan ya wurgo kofin ƙasa, fashewarsa ita ce alamar sa'a. Sai kuma Feierabendbier, kofin da ake sha bayan an tashi daga aiki. A irin wannan zama ne sau da yawa babba yake ba ƙarami izinin daina kiransa da Sie na girmamawa ya koma du na sabo, abin da Jamusawa ba sa ɗauka da wasa. Wajen haɗa kofuna ana cewa "Prost", kuma dole a dubi idon juna, kau da kai rashin ladabi ne.

Abin da yakan ba baƙo mamaki shi ne babu wata doka guda ta tarayya da ta haramta shan barasa a duk wuraren aiki. Abin da ke akwai shi ne ƙa'idar hukumar inshorar haɗurran aiki, wadda ta ce kada ma'aikaci ya jefa kansa cikin halin da zai zama haɗari ga kansa ko ga wasu, kuma kada ubangida ya ba wanda maye ya bayyana a jikinsa aikin da ba zai iya ba. Kamfani yana da ikon hana sha ɗungurungum, amma in akwai majalisar wakilan ma'aikata, sai da yardarta. Direbobin bas da na tasi da matuƙan jirage an hana su kai tsaye. Wanda kuma maye kaɗai ya jawo masa haɗari a bakin aiki, yana iya rasa diyyar inshora.

Waɗannan ƙa'idoji, haɗe da injuna masu tsada da tsoron shari'a, su suka ci al'adar sannu a hankali. Dokar tuƙi ma ta taimaka, tunda yawancin ma'aikata da mota suke komawa gida. A 1973 aka sa iyakar barasa a jinin direba a kan 0.8 cikin dubu, a 1998 aka sauko da ita 0.5, daga 2007 kuma sabon direba da duk wanda bai kai shekara 21 ba ko ɗigo ba a yarda ya sha ba. A tsakiyar shekarun 1970 yawan giyar da kowane mutum yake sha a Jamus ta Yamma ya kai kimanin lita 150 a shekara, a 2023 kuwa ya faɗo ƙasa da lita 90. Yau a mafi yawan masana'antu da ofisoshi, ruwa da gahawa da ruwan tuffa da aka sirka da ruwa mai gas su ne a kan tebur. Musulmi fiye da miliyan 5 da ke ƙasar, waɗanda da yawansu zuriyar ma'aikatan Turkiyya ne da aka fara ɗauka a 1961, su ma sun sa "ba na sha" ta zama amsar da ba ta tayar da gira. Sai dai akwai abin lura ga mai kiyaye addini: giyar da aka rubuta wa alkoholfrei tana iya ƙunsar barasa har rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Wadda babu ko kaɗan ita ce mai ɗauke da alamar 0,0.

Waɗanda suka fi riƙe hoton waccan tsohuwar Jamus a zuciya, abin mamaki, baƙi ne. A zamanin yaƙin cacar baki, Amurka tana da soja wajen 250,000 a Jamus ta Yamma, Birtaniya tana da kimanin 55,000, ga na Faransa da Kanada da Beljiyam. Yawancinsu samari ne da ba su taɓa barin gida ba, cikinsu har da mawaƙi Elvis Presley, wanda ya yi aikin soja a Friedberg daga 1958 zuwa 1960. Barikokin suna ɗaukar Jamusawa farar hula a matsayin makanikai da masu dafa abinci da akawu da direbobi. Ɗan Amurka da ya saba da giya mai rauni, kuma aka hore shi cewa sha a bakin aiki laifi ne, sai ga shi yana kallon dattijon makanike ya ajiye sifana da hantsi, ya buɗe kwalba, ya shanye, ya koma ƙarƙashin mota ya ɗaure ta tsaf. Wannan labari yana cikin waɗanda 'yan mazan jiya suka fi maimaitawa idan sun haɗu, kuma yana cikin abin da ke jan ƙungiyoyinsu su shirya taron zumunci a can, maimakon a wani otal na gida.

Mai shirya irin wannan taro, abu na farko da zai bincika shi ne ko barikin yana nan. Da yawa sun zama tarihi. Sojojin ƙawance sun bar Berlin a 1994, a shekarar ce kuma Kanada ta rufe sansaninta na Lahr. Hedikwatar sojan ƙasa na Amurka a Turai ta tashi daga Heidelberg ta koma Wiesbaden a 2013, aka mai da wasu gidajen sojan unguwannin farar hula, wata unguwar kuma ta zama masaukin 'yan gudun hijira. Babbar hedikwatar Birtaniya ta Rheindahlen ita ma a 2013 aka rufe ta. Filin jirgin Tempelhof, wanda ya ciyar da Berlin ta sama a 1948 da 1949, yanzu filin shan iska ne. Wuraren da ke aiki har yanzu, irin su Ramstein da Grafenwöhr, ba a shiga sai da izini, kuma akan nemi sunaye da lambobin fasfo tun da sauran lokaci. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa suke karkata ga wuraren da aka adana don baƙi, kamar Point Alpha kusa da Fulda, inda hasumiyar tsaron Amurka take kallon tsohuwar iyakar Jamus ta Gabas, ko gidan tarihin sojojin ƙawance da ke unguwar Dahlem a Berlin.

Sai zaɓen lokaci, inda masu shiri suka fi yin tuntuɓe. Kowa yana so a dace da Oktoberfest, bikin da aka fara a Munik a 1810, wanda ake buɗewa a tsakiyar Satumba a rufe a farkon Oktoba. Amma biki ne da ke tara mutum wajen miliyan 6, kuɗin masauki yakan yi tashin gwauron zabo, tebur a manyan rumfuna sai an kama shi watanni kafin ranar, galibi na mutum goma, a kuma biya kuɗin ci da sha tun gaba. Kofin lita guda ne, a 2024 ya kai kusan yuro 15, giyar kuma ta fi ta kullum ƙarfi. Ga ayarin dattawa 'yan saba'in da tamanin, masu sanduna da kekunan guragu da maganin hawan jini a aljihu, wannan wahala ce da kuɗi. Watan Mayu ko Yuni, ko ƙaramin bikin garin da aka yi zama a cikinsa, ya fi dacewa da su.

Lambun shan iska na gargajiya, wato Biergarten, ya fi sauƙi. Tun izinin da Sarki Maximilian na Ɗaya ya bayar a 1812, al'adar Bavariya ta yarda mutum ya zo da abincinsa daga gida ya sayi abin sha kawai, wanda hakan gata ne ga mara cin alade da mai ciwon sukari. A gidan abinci kuwa, ruwan sha ma saye ake yi, kuma ma'aikaciya za ta tambaya ko a haɗa lissafi ko kowa ya biya nasa, domin kowa tasa ta fisshe shi ba abin kunya ba ne a can. Teburin da aka kafa wa alamar Stammtisch na 'yan gari ne masu zaman dindindin, baƙo ba ya zama sai an ce bismillah. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke.

Batun takardu ya danganta da fasfo. Ɗan Amurka ko Birtaniya ko Kanada yana shiga ba biza na kwana 90 cikin 180, amma inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin Amurka galibi ba ta biyan jinya a waje, sai an sayi ta tafiya. Tsofaffin hafsoshin Afirka da suka yi kwas a kwalejin manyan hafsoshi ta Hamburg, in fasfonsu na Najeriya ne ko Nijar ko Ghana, sai sun nemi bizar Schengen tare da inshorar da ba ta gaza yuro 30,000 ba. Jirgin ƙasa yana rage kuɗi ga ayarin mutum shida zuwa sama, kuma ɗaukar bas da direba ya fi a bar dattijon da ya kurɓa ya riƙe sitiyari. Masu sha'awar tara tsofaffin kayan yaƙi su sani cewa nuna tambarin 'yan Nazi a bainar jama'a laifi ne da ake hukuntawa.

Tsofaffin abokan aiki Jamusawa kuwa, ta ofishin magajin gari ko ƙungiyoyin abokantaka da ke garuruwan barikoki ake samo su, kuma wasiƙa cikin Jamusanci da aka aika da wata shida a gaba ta fi saurin samun amsa. Waɗanda suka rage cikin makanikan nan da masu dafa abinci duk 'yan fansho ne yanzu, don haka akan sa zaman da rana, a wurin da ba matakala, kusa da tashar bas.