Cututtukan da ke kama da matsewar jijiyar wuya

Ciwon da ke tasowa daga wuya ya gangaro kafaɗa har zuwa yatsu, tare da sagewar hannu, galibi akan danganta shi da matsewar jijiya a ƙashin wuya.

Wuyan ɗan Adam yana da gaɓoɓin ƙashi 7, kuma ta tsakaninsu ne jijiyoyin da ke kai saƙo ga hannu suke fitowa daga laka. Idan faifan guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓin ya bullo, ko ƙashin ya zaizaye saboda tsufa, sai ya danne jijiya.

Sai dai likitoci na gargaɗin cewa akwai cututtuka da dama masu irin waɗannan alamomi.

Mafi haɗari shi ne ciwon zuciya. Zuginsa kan sauka a hannun hagu da wuya da muƙamuƙi. Idan ya zo da nauyin ƙirji, da zufa, da sarƙewar numfashi, to a garzaya asibiti nan take, kada a tsaya tausa ko ƙaho.

Akwai kuma matsewar jijiya a wuyan hannu, wadda ke sagar da babban yatsa da biyun da ke biye da shi, musamman da dare. Ta fi addabar masu juna biyu da masu ciwon suga. Idan kuwa ƙaramin yatsa ne ya sage, sau da yawa matsalar tana gwiwar hannu, kuma kuturta ma kan kama wannan jijiya.

Ciwon gaɓar kafaɗa yakan tsananta ne idan an ɗaga hannu, kuma ba kasafai yake sagar da yatsu ba.

Ƙwayar cutar ƙarambau, wadda ke kwanciya a jiki shekara da shekaru, kan farfaɗo ta haddasa raɗaɗi kwanaki kafin ƙuraje su feso. Haka nan sankarar da ke tsirowa a ƙololuwar huhu, musamman ga mashaya taba, kan fara da ciwon kafaɗa da hannu.

Hoton MRI kaɗai ba ya raba gardama, domin yakan nuna zaizayar ƙashin wuya har ga mutanen da ba sa jin ciwon komai. Don haka likita kan haɗa da gwajin ƙarfin hannu da na saurin saƙon jijiya.

Matsewar jijiyar wuya ta haƙiƙa takan lafa cikin makonni 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba. Ciwon da ya zo da rama, ko zazzaɓi, ko tangaɗi wajen tafiya, yana buƙatar bincike cikin gaggawa.