Madaci da Teburin Rubutu: Darasi Daga Kafintocin Ingila

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana abin da ya sa teburan rubutun da aka yi a Ingila a ƙarni na 18 suka daɗe har yau ba su lalace ba, sa'an nan a nuna dangantakarsu da itacen madaci da muke da shi a ƙasar Hausa. Za a ɗauki yankin Garun Mallam, Kura da Bunkure a matsayin misali, domin nan ne noman rani ya sāke fasalin ƙasa da itatuwanta.

2.0 Itacen Mahogani a Ingila

Kafin ƙarni na 18, kafintocin Ingila da itatuwa irin na ƙasashen Turai suke aiki. A shekarar 1721 majalisar Birtaniya ta ɗauke haraji a kan katakon da ake kawowa daga ƙasashen da take mulka a nahiyar Amurka, sai mahoganin tsibirin Jamaika ya fara kwarara. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su ne suka riƙa sarewa da jan gungumensa zuwa bakin teku. Wani masanin gandun daji, F. Bruce Lamb, ya kawo ra'ayin cewa sunan itacen ma daga kalmar Yarbanci "oganwo" ya samo asali, ko da yake wasu masana harshe ba su yarda da haka ba.

Kafintoci sun so wannan itace saboda dalilai uku: ba ya yawan tankwarewa idan ya bushe, yana karɓar sassaƙa, kuma ana samun falle mai faɗi wanda zai ishi saman tebur ba tare da haɗi ba.

3.0 Mashahuran Kafintoci

Wanda ya fi shahara shi ne Thomas Chippendale (1718–1779), mai shago a Landan, wanda ya buga littafin zane-zanen kayan ɗaki a 1754. Babban teburin karatun da ya yi wa gidan Nostell yana nan a ɗakin da aka yi shi dominsa. Bayansa aka buga littafin George Hepplewhite a 1788, sai na Thomas Sheraton daga 1791. Kamfanin Gillow na garin Lankasta kuwa da kansa yake yin odar katakonsa daga ƙetare.

Teburan iri biyu ne mafiya yawa. Akwai mai murfi a karkace, wanda idan aka buɗe shi sai ya zama wurin rubutu, a ciki kuma ga ƙananan aljihuna na ajiye wasiƙu. Akwai kuma shimfiɗaɗɗe, mai durowoyi dama da hagu, an lulluɓe samansa da fata. Asirin ƙarkonsu shi ne ana barin katako ya bushe sarai kafin a taɓa shi, kuma ana yanka bakin allunan durowa haƙori-haƙori su cije juna, ba a dogara da ƙusa ba.

4.0 Madaci

Madaci, wanda masana tsirrai ke kira Khaya senegalensis, dangi ɗaya ne da mahogani, haka kuma darbejiya. Da mahoganin Jamaika da Kuba ya yi ƙaranci, sai 'yan kasuwar Turai suka juya ga dangin madaci na kurmin Afirka ta Yamma, daga ƙarshen ƙarni na 19.

Bahaushe ya san madaci tun ba yau ba. Masassaƙa suna fafe shi, masu magani suna jiƙa sassaƙensa mai ɗaci. Amma malaminmu na da a kan buzu yake rubutu, da allo a cinyarsa. Tebur da kafinta sun yaɗu ne tare da makarantun boko da ofisoshin En'e.

5.0 Halin da Ake Ciki

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kuma kafa Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976. Share filaye da baje su domin ban ruwa ya kawo shinkafa da alkama da tumatir a Kadawa da kewayenta, amma gonar rani ba ta son inuwar babban itace. Madacin da ya tsira a bakin hanya kuwa, masu ɓare ɓawonsa sukan zagaye gindinsa har ya bushe a tsaye. A 2022 yarjejeniyar CITES ta sanya madacin Afirka cikin itatuwan da ba a cinikinsu tsakanin ƙasashe sai da izini.

6.0 Kammalawa

Jamaika ta sare nata ba ta shuka ba, ga teburan a Ingila, ga tsibirin ya rasa manyan itatuwan. Shawararmu ita ce a dasa madaci a harabar makarantu da kasuwanni da gefen hanyoyi, nesa da magudanan ruwa don kada saiwarsa ta fasa su. A koya wa masu magani ɗiban ɓawo daga gefe ɗaya. A kuma koya wa 'yan koyon kafinta shanya katako da haɗi. Madaci yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya isa yanka, saboda haka wanda ya dasa shi bana, jikokinsa ne za su yi rubutu a kansa.