Takardar da ke riƙe da tashar talabijin

Da dare a Birnin Kudu ko Gwaram, in akwai wuta, za ka tarar da iyali sun zagaye talabijin suna kallon Daɗin Kowa a Arewa24, tashar Hausa da ta fara aiki a 2014.

Kafin 1992, gwamnati kaɗai ke buɗe tasha a Najeriya. A shekarar ce aka kafa hukumar NBC, mai ba 'yan kasuwa lasisi na shekara biyar.

Lasisin kuwa kuɗi ne. A Agustan 2022 hukumar ta sanar da soke na tashoshi 52 saboda bashi, kafin ta jingine matakin. Da an zartar, mai kallo ne zai wayi gari tasharsa ta ɗauke, kan bashin da ba shi ya ci ba.